Masarar da Ke Cikin Samfurin Griselda

Sau uku Griselda Vilte tana hawa tsauni ta ɗebo samfur daga idon ruwan da ke bakin filin gishirin ƙauyensu, sau uku na'urar ɗakin gwaji tana cewa akwai masara a ciki. Masara fa! A ruwan da ya ninka na teku gishiri har sau biyar, ga guba narke a cikinsa, a tudun da ko ciyawar kirki ba ta tsira. Kuma ba masarar kaɗai ba, har da yis irin na burodi, da wasu ƙwayoyi da ba a samunsu ko'ina sai a bakin ɗan Adam.

Abin da ta je nema daban ne. A ƙasan ruwan akwai wata shimfiɗa mai santsi, kaurinta bai wuce yatsa uku ba, in aka yanka sai a ga hawa-hawa: kore a sama, ja a tsakiya, baƙi a ƙasa. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suka gina ta, irin waɗanda ake jin su suka fara rayuwa a duniya tun babu itace babu kifi. Masu neman alamar rai a duniyar Mars suna mutuwar son irin wannan wuri, don rana tana dukansa ba tausayi, sanyi yana daskarar da shi, amma abin da ke ciki yana nan da ransa. Sharaɗin ɗaya ne tak: wurin ya zama hannun mutum bai taɓa shi ba. A kan wannan Griselda ta ɗora digirinta na dakta, shekara biyu da rabi ke nan tana fama.

A ɗakin gwajin da take aiki a Salta, tuni aka raɗa mata suna Malama Masara. Leandro Ferreyra ne ya fara, wani dogon ɗan Buenos Aires da bakinsa ba ya hutawa. In ta shigo da safe sai ya ɗaga murya.

"Malama Masara, yau me aka dafa mana a cikin kwalbar? Wane alalen masarar ne, tamal ko humita? Ki riƙa rage mana ko ɓawon ne."

Ana dariya, ita ma ta yi yaƙe. Amma abin yana cinta ƙwarai. Babu wanda ya kai ta tsafta a ɗakin nan, kuma kowa ya sani. Safar hannu biyu take sawa, ɗaya kan ɗaya. Ta daina cin duk wani abu mai masara sati biyu kafin tafiya, ita da aka yaye da kunun masara. Har numfashi take ɗaukewa in za ta buɗe kwalba. Duk da haka sakamako ya fito, masara ta sake leƙo kai. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kallon da ake mata. Ba wanda ya taɓa furtawa, amma ta san abin da ke ransu: 'yar makiyayan tsauni ce, me ake jira?

Ranar da sakamako na uku ya fito, Farfesa Amalia Zerda ta kira ta ofis. Mace ce mai adalci, kuma adalcin nata ba ya zuwa da murmushi.

"Zauna, Griselda. Ba zan ɓoye miki ba, kwamiti zai zauna a watan jibi kan tallafin karatunki. Ba ni da abin da zan nuna musu sai masara."

"Farfesa, wallahi ba daga hannuna ba ne."

"To daga ina? Daga sama ta faɗo? Ga abin da za a yi. Za ku koma ke da Leandro. Shi zai yanko samfurin da hannunsa, a daidai wurin da kike ɗiba, ke ki tsaya gefe ki zuba ido. In nasa ma ya fito da masara, na wanke ki. In ya fito fes, to kin san sauran, ba zan sa hannu a takardarki ba."

Leandro, cikin duk mutanen duniya! Griselda ta haɗiye abin da ya taso mata, ta ce ta gode.

A kowace tafiya takan buga waya kantin ƙauye a gaya wa mahaifiyarta ranar da za ta iso. Wannan karon ma ta buga, ta ce Alhamis. Sai motar cibiyar bincikensu ta samu da wuri, direba ya ce ko Talata ko a jira wani watan. Suka kwana a San Antonio de los Cobres, Laraba da sassafe suka kama hanya. Griselda ta ce a wuce ƙauyen kai tsaye zuwa idon ruwa, don da rana ta take iska ke tashi, aiki ya gagara.

Tsayin wurin ya kama Leandro tun a hanya. Ya yi laushi a kujerar baya, ya dafe kai, leɓensa ya yi shuɗi. Direba ya miƙa masa ganyen koka ya ce ya tauna.

"Ni dai ku mai da ni inda ake numfashi kyauta," in ji shi. "Malama Masara, a nan aka haife ki? Allah ya ba ki haƙuri."

"Ka tauna ka yi shiru. Yau hannunka ake bukata, ba bakinka ba."

Suka bar motar nesa kamar yadda ƙa'ida ta ce, suka sa fararen riguna da takunkumi, suka taka da ƙafa ɗauke da akwatin sanyi. Gishiri yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmansu. Da suka haye ɗan tudun ƙarshe, Griselda ta tsaya cak.

Akwai mutum a bakin ruwan. Wata tsohuwa ce durƙushe, ta ba su baya, da baƙar hula da jan mayafi mai ratsin kore. Ba ko'ina ta durƙusa ba sai gaban turken ƙarfen da Griselda ta kafa da hannunta don ta riƙa gane wurin ɗibarta. Tsohuwar tana riƙe da ƙaramin tulu, tana tsiyaya wani farin abu a hankali a gindin turken, tana magana ƙasa-ƙasa. Ganyen koka uku suna yawo a saman ruwan.

Griselda ta san mayafin nan. Ita ta sayo shi a kasuwar Salta da kuɗin tallafinta na farko.

"Kai, kai, kai!" in ji Leandro, ciwon kai ya tafi. Ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya sake ɗauka. "Ke, ga masararki can! Chicha ce fa take zubawa, giyar masara! Irin wadda ake taunawa, ko? Shi ya sa ƙwayoyin baki... Griselda, kin tsira!"

Ba ta ji ƙarshen maganarsa ba, don tuni ta gangara da gudu.

"Inna!"

Doña Eulogia Casimiro ta waiwayo. Ta ga wata halitta fara sol daga sama har ƙasa tana nufo ta, ta yi alamar gicciye a goshi, sai kuma ta gane tafiyar.

"Ke, ba Alhamis kika ce ba? Kin kusa kashe ni. Mene ne wannan kika sa kamar gawa?"

"Inna, me kike zubawa a nan?"

"Me nake zubawa? Abin da ake zubawa mana. Matsa, kada ki taka mini ganye, ban gama ba."

"Tun yaushe kike yin wannan?"

"Tun ranar da kika fara yanka ta." Tsohuwar ta toshe bakin tulun da tsumma. "Duk sanda kika aiko cewa za ki zo, sai in zo kwana ɗaya kafin nan in biya. Allah ya taimake ni ma kika kafa ƙarfen nan, da ban san daidai inda zan zuba ba. Na farko na sha wuya, sai da na bi sawun takalminki na wancan zuwan da kika yi leƙe."

Griselda ta fizge takunkumin daga fuskarta. Shekara biyu da rabi! Safar hannu nawa ta ƙona, kwalba nawa ta dafa, sau nawa ta shiga banɗakin cibiyar ta yi kuka ta wanke fuska ta fito tana yaƙe. Ashe ita da kanta take buga waya ta sanar da ranar da za a ɓata mata aiki, ita kuma ta kafa alamar inda za a ɓata shi.

"Kin san abin da kika yi mini, Inna? Kin san ana kirana ƙazama a wurin aiki? Korata za a yi! Saboda wannan tulun!"

"Ƙazama? Wa ya ce miki ƙazama? Ni na tauna garin nan da bakina, kwana takwas tana tsima, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Ba ta kanti na kawo wa Pachamama, Uwar Ƙasa, ba kamar matar Eusebio, da ke zuba mata lemon kwalba."

"Ba maganar da nake yi ba ke nan!"

"To wace magana kike yi? Kin zo da wuƙa kin yanki naman Uwar Ƙasa sau uku, ba gaisuwa, ba neman izini, ko ganye ɗaya ba ki ajiye ba. Ga ki nan tsaye da ƙafafunki biyu. Kina tsammani wayonki ne?"

"Ina da izini, Inna. Takarda ce da ni daga gwamnati."

"Gwamnati ce ta haifi ruwan?"

Leandro ya iso yana haki, ya cire takunkumi ya ɗan rusuna. "Sannu, Mama. Sannu da aiki."

Doña Eulogia ta dube shi sama da ƙasa. "Wannan kuma ɗan wane ne? Ku ba shi ruwa, ya kusa faɗuwa."

"Abokin aikina ne," in ji Griselda a taƙaice. Ta juya ga uwar. "Inna, abin da ke cikin ruwan nan ya girmi masara, ya girmi mutane, ya girmi tsaunukan nan. Ba ya bukatar chicharki. Bai san da ke ba."

"Ubanki ma haka ya ce." Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. "Shekarar da ya yi sauri ya sari gishiri bai ciyar da ƙasa ba, ya ce in ya dawo zai yi. A akwati aka dawo da shi, kina 'yar shekara tara. Ke kin ce birki ne ya tsinke, na ji. Ni dai mutum ɗaya na bayar, ba zan ba da na biyu ba. In ba za ki biya ba, ni zan biya miki, ba sai kin yarda ba."

Ta ɗauki tulunta ta ɗaure a mayafi, ta ce akwai miyar nama a kan wuta in sun gama, ta kama hanya. Griselda ta bi ta da kallo, takaici ya cika ta, kuma babu wanda za ta sauke wa. Da mugunta aka yi mata, da ta san yadda za ta yi faɗa.

Leandro ya yanko samfurin a gindin turke kamar yadda aka umarce shi, ya ƙara wani daga can nesa. Aikinsa ba laifi, ko da yake Griselda ta ga kurakurai biyu da ita ba za ta yi ba. Suka ci miyar a gidan Doña Eulogia, Leandro ya yi ƙari har sau biyu yana zuba santi. Uwa da 'ya ba wadda ta dubi wata.

Washegari a hanyar komawa, Leandro ya tura mata hoton.

"Ke za ki aika wa Farfesa, ba ni ba," ya ce, kuma a karon farko ba wasa a muryarsa. "In kin ce in goge, na goge. Samfurin gindin turke zai fito da masara, za a wanke ki ko ba hoto."

"A wanke ni, sannan a ce wurin ne ba shi da kyau, a rufe aikin. In ba a san daga ina masarar take zuwa ba, ba wanda zai yarda da ruwan nan kuma."

"Haka ne kuma."

Babu layin waya sai an kai wuyan tsauni, tafiyar awa biyu. Awa biyun nan Griselda tana riƙe da wayar tana kallon hoton. Baya ne kawai ya fito: hula, mayafi, tulu, turke. Ta tuna yadda ake dariyar tamal da humita a ɗakin gwaji. Yanzu dariyar za ta samu sabon abinci. Za a ce ashe gyatumar Malama Masara ce ke tofa wa duniyar Mars yawu. Za a faɗa a wurin shan shayin mate, a faɗa a taron masana, ya bi ta duk inda ta nemi aiki. Shekara tara ta yi a birni tana gyara harshenta da tafiyarta don a daina tambayarta ko ta iya kiwon lama, raƙuman tsauni.

Da wayar ta kama layi, ta aika hoton da bayani. Ko minti biyar ba a yi ba amsa ta zo.

"Tabɗi! Yi mini afuwa, Griselda, na zalunce ki. Wace ce matar?"

Griselda ta rubuta, "Mahaifiyata ce." Ta dubi kalmomin. Ta goge. Ta rubuta, "Wata tsohuwa ce 'yar yankin, ban san sunanta ba." Ta aika. Leandro yana gefenta, ya ga komai, ya juya yana kallon gishiri ta taga.

Daga nan komai ya tafi mata daidai, har abin ya riƙa ba ta haushi. Samfurin gindin turke ya fito da masara, na nesa ya fito fes, da halittun da take nema kwance a ciki ba gauraye. Farfesa ta ba ta haƙuri a gaban kowa, kwamiti ya sabunta tallafin. Sai dai takardar izini ta ce duk wanda ya ga ana taɓa wurin dole ya kai rahoto ofishin muhalli. Griselda ta rubuta rahoton, ta maimaita jimlar nan a ciki, don ba yadda za a yi ta canza ta yanzu. Ofis ya ce a kewaye idon ruwan da waya a sa kwaɗo. Doka kuma ta ce ba a kafa ko sanda a ƙasar al'umma sai an tara mutanen ƙauye sun yarda.

Aka yi taron ranar wata Asabar da hantsi a ajin makarantar firamare. Manya suka matsu a kan kujerun yara, gwiwoyinsu har ƙirji. Shugaban al'umma, Don Eusebio, ya buɗe taro. Jami'in da ofis ya turo, wani mai tabarau da ake kira Señor Albornoz, ya sa Griselda ta zauna kusa da shi a gaban allo. Ta yi addu'a ya taƙaita. Ina! Mutumin irin masu karanta takarda ne daga kan tambari har sa hannu. Ya ɗaga hoton da aka buga babba ya nuna wa jama'a, sannan ya karanta:

"An tarar da wata tsohuwa 'yar yankin, wadda mai rahoto ba ta san sunanta ba, tana zuba abin sha a cikin ruwan..."

Ƙauye ne mai gida arba'in, ko akuya aka nuna daga baya za su faɗi mai ita. Matar Eusebio ta rufe baki da hannu. Wani tsoho ya yi gyaran murya ya dubi rufi. Griselda ta kafa ido a kan teburin, kunnuwanta suna zafi.

Daga kujerar baya Doña Eulogia ta miƙe, ta dafa bango don gwiwarta.

"Ranka ya daɗe, gyara takardarka. Tsohuwar tana da suna. Eulogia Casimiro, matar marigayi Crescencio. Ni ce."

Señor Albornoz ya ji daɗi, ya ciro biro ya rubuta. "Madalla, Mama, ba kama ki za a yi ba." Ya juyo ga Griselda yana murmushi. "Ashe ma tana kusa. Ke da kike 'yar garin nan, ko yanzu da kika ga fuskarta kin gane ta?"

Griselda ta buɗe baki. Mutum sittin suna kallonta, waɗanda suka goya ta, waɗanda suka yi karo-karo suka saya mata jakar tafiya jami'a.

"Bar ta, ranka ya daɗe," in ji Doña Eulogia. "Kada ka ba ta kunya a gaban mutane. Yarinyar ta daɗe a birni."

Ta gyara mayafinta, ta dubi Don Eusebio.

"Eusebio, kira ƙuri'ar mu tashi, dabbobina suna jira. In wayar ce za ta sa a bar yarinyar mutane ta yi aikinta, ku kafa."

Ta ɗaga hannu tun ba a kira ba. Ganin haka sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon gaban aji. Señor Albornoz ya ƙirga, ya ce ba a taɓa yi masa taro mai sauƙi irin wannan ba, ya zaro makullin kwaɗon daga aljihu ya ajiye a gaban Griselda. Kafin ta ɗago kai, uwar ta riga ta fita.